Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Suna da Mai Suna a Taskar Fina-finai ta Gida

Fim ɗin da aka adana a kwamfuta bai san sunan kansa ba, domin abin da ke cikin fayil ɗinsa jerin hotuna ne da sauti da aka mayar lambobi aka matse, kuma ko da yake mazubin da ake zuba su a ciki, kamar MKV da MP4, yana da gurbin rubuta suna da shekara, sau da yawa gurbin yakan zo fanko, ko kuwa ya zo ɗauke da abin da wanda ya kwafi fim ɗin ya ga damar rubutawa. Duk abin da mai kallo yake gani a allon talabijin kafin ya zaɓi abin da zai kalla, wato sunan fim, da shekarar fitowarsa, da darakta, da 'yan wasa, da taƙaitaccen labari, da hoton fasta, daga waje aka ɗauko shi aka jingina wa fayil ɗin. Waɗannan su ne bayanan rakiya, ma'ana bayanan da ba sa cikin jikin abu amma suke tafiya tare da shi don su faɗi ko mene ne shi, kamar yadda bangon littafi yake faɗin sunansa da mawallafinsa da shekarar bugu ba tare da ya shiga cikin labarin ba. Abin da ya fi damun masu tara fina-finai a gida shi ne ɓacewar waɗannan bayanai ko saɓawarsu da fim ɗin da aka liƙa su a kansa, kuma duk da cewa ana ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar matsalar na'ura, tushensa tsohuwar tambaya ce ta masana harshe, wato mece ce alaƙar suna da mai suna, kuma ta yaya ake tabbatar da cewa wanda aka kira shi ne ya amsa.

Manhajojin da aka fi tsara taskar kallo ta gida da su huɗu ne, kuma biyu-biyu suke da dangantaka. Kodi ta faro ne daga aikin wasu masu sha'awa da suka rubuta wa na'urar wasa ta Xbox manhajar kunna fim a farkon shekarun 2000, ta daɗe da sunan XBMC kafin a sauya mata suna a 2014, Plex kuwa daga jikinta ta ɓalle a 2008. Haka nan Jellyfin ta fito daga Emby a 2018, lokacin da masu Emby suka rufe wa jama'a ƙofar ganin yadda aka gina ta. Aikinsu iri ɗaya ne, su bi rumbun ajiyar kwamfuta folda bayan folda, su tattara fina-finan da ke ciki, su jera su a allo da fasta da bayani. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da take kallon fim ta fahimci labarinsa. Abin da suka fi dogara da shi shi ne sunan da mai kwamfuta ya rubuta wa fayil da foldar da ya ajiye shi a ciki, sannan su kai wannan suna ga manyan rumbunan bayanai na intanet su nemi mai shi. Mafi tsufa a rumbunan nan shi ne IMDb, wanda Col Needham ya faro a 1990 daga jerin sunayen da masu son fim suke musaya a tsakaninsu, kamfanin Amazon ya saye shi a 1998. Wanda manhajojin gida suka fi jingina da shi kuwa shi ne TMDB, wanda Travis Bell ya kafa a 2008, kuma jama'a ne da kansu suke shigar da bayanan da ke cikinsa suna gyarawa.

Ɓangaren manhajar da ke wannan kai-komo ana iya kiransa mai kalato, saboda aikinsa shi ne ya tsinto bayanai daga rumbu ya kawo gida. Yakan fara da tankaɗe sunan fayil, ya zubar da tarkacen da masu kwafi suke liƙawa, irin su 1080p da ke nuna kyan hoto, ko x264 da ke nuna hanyar da aka matse shi, ya ɗauki abin da ya saura a matsayin sunan fim, in kuma ya ga lambobi huɗu masu kama da shekara ya riƙe su a matsayin shekarar fitowa. Daga nan sai ya aika tambaya, rumbu ya dawo masa da jerin fina-finan da sunansu ya yi kusa da abin da aka nema, shi kuma ya ɗauki na saman jeri, wanda galibi shahararsa ce ta kai shi can. Ke nan duk fastar da ta bayyana a allo hasashe ce da aka gabatar cikin kamannin tabbaci, domin manhajar ba ta gaya wa mai kallo cewa zaɓi ta yi a tsakanin fina-finai da dama, kuma a allo babu abin da ke bambanta fastar da aka samu da ƙwaƙƙwarar hujja da wadda aka samu da kintace.

Kuskuren da ke biyo baya iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne giɓi, inda mai kalato ya dawo hannu rabbana, fim ya zauna a jeri babu fasta babu labari, ko kuma a Kodi ya ƙi bayyana a taskar gaba ɗaya alhali yana nan a rumbun ajiya. Na biyu shi ne saɓani, inda aka cika kowane gurbi da bayani mai kyan gani, amma na wani fim ne daban. Ido ya fi ƙin na farko, saboda fankon gurbi a tsakiyar fastoci masu launi yana ɓata tsari, amma na biyun ne ya fi cancantar a ji tsoronsa, domin giɓi yana faɗin gaskiyar halinsa, yana shaida cewa ba a sani ba, yana kuma kiran mai taska ya zo ya duba, saɓani kuwa yana iya shekara a wurinsa ba wanda ya lura. Tsarin da iyaye suke taƙaita wa yara kallo da shi a Plex da Jellyfin ya dogara ne kan matakin shekarun da aka rubuta a bayanan rakiya, saboda haka idan bayanin na wani fim ne, makullin ya tashi a banza, fim ɗin manya ya shiga ɗakin yara da fastar da ba tasa ba. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a wannan fage manhajar da ta bar gurbi fanko ta fi wadda ta cika shi da ƙarya amana.

Babban sanadin saɓani shi ne tarayya a suna. Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san cewa Don na Amitabh Bachchan, wanda ya fito a 1978, daban yake da Don na Shah Rukh Khan na 2006, kuma Devdas an shirya shi sau da dama, daga ciki har da na 1935, da na 1955 wanda Dilip Kumar ya ja, da na 2002. Amma fayil ɗin da aka rubuta masa suna tsura ba shekara bai bai wa na'ura abin da za ta rarrabe su da shi ba. Malaman hadisi, waɗanda amanar da ke wuyansu ta fi ta mai tara fina-finai nauyi nesa ba kusa ba, sun daɗe da ware wa irin wannan rikici fannoni na musamman. Al-Khaɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya wallafa Al-Muttafiƙ wal-Muftariƙ a kan maruwaitan da sunayensu suka zo ɗaya amma mutanen daban-daban ne, kuma Ibn Salah ya kawo misalin mutum shida da kowannensu ake kira Khalil ɗan Ahmad. Shi dai Al-Khaɗib ya sake wallafa wani littafin a kan kurakurai biyu masu kishiyantar juna, wato haɗa mutum biyu a ɗauke su ɗaya, da raba mutum ɗaya a ɗauke shi biyu. Waɗannan kurakurai su ne dai suke aukuwa a taskar gida, inda fina-finai biyu suke curewa a ƙarƙashin fasta ɗaya, ko fim ɗaya ya bayyana sau biyu kamar baƙin juna, har ta kai Plex ta tanadi umarnin rabawa da na haɗawa. Hanyar da malaman suka bi ita ce ƙara wa suna shaidu, sunan uba da na kaka, da gari, da malamai da almajirai, da shekarar rasuwa, har sai shubuha ta kau, kuma gyaran bayanan fim ba shi da wata hanya da ta wuce wannan.

Shaida ta farko da ake ƙarawa ita ce shekara, shi ya sa dukkan manhajojin suka yi tarayya a kan ƙa'ida ɗaya, wato a rubuta sunan fim yadda yake a rumbu, a biyo shi da shekara a cikin baka, a kuma ba kowane fim foldarsa mai wannan suna. Wannan kaɗai yana warware mafi yawan rikici, amma shekara ma ba ta da tsayayyen matsayi kamar yadda ake zato. Crash na Paul Haggis an fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a 2004, bai shiga gidajen kallo ba sai 2005, saboda haka wani ya rubuta masa wannan shekara wani ya rubuta waccan, ga kuma wani Crash ɗin na David Cronenberg na 1996 da na'ura za ta iya komawa gare shi. Akwai kuma fina-finan da sunansu kansa lamba ne, kamar 1917 da ya fito a 2019, da 2012 da ya fito a 2009, inda mai kalato zai iya ɗaukar suna a matsayin shekara ya rasa abin da zai tambaya. Ƙari a kan haka, Windows ba ta yarda a sa wasu alamomi a sunan fayil ba, daga ciki har da ɗigo biyu da alamar tambaya, don haka duk fim ɗin da ke da su a sunansa dole ne a rubuta shi da ɗan sauyi, kuma kowane sauyi ƙofa ce da kuskure zai iya shigowa.

Idan suna ya ƙetare daga harshe zuwa harshe, rikicin yakan ninku. Sunayen fina-finan Indiya da aka rubuta da haruffan boko ba su da daidaitacciyar ƙa'ida, har ma a cikin suna ɗaya, kamar Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, wanda kalmarsa ta farko da ta uku kalma ɗaya ce amma aka rubuta su daban, wanda ya rubuta daga abin da kunnensa ya ji kuwa zai daidaita su ne ya saɓa wa rumbu. Misali mafi zurfi shi ne fim ɗin Mustafa Akkad na 1976 a kan farkon Musulunci, wanda aka ɗauka sau biyu a wurare ɗaya da 'yan wasa daban, na Ingilishi mai suna The Message inda Anthony Quinn ya fito a matsayin Sayyidina Hamza, da na Larabci mai suna Ar-Risala inda Abdullahi Gais ya ɗauki wannan matsayi. Mai taskar da ya ɗauka ɗayan fassarar ɗayan ne zai haɗa su a gurbi guda, ya jingina wa 'yan wasan Larabawa sunayen Turawa, alhali ayyuka biyu ne da kowanne yake da mutanensa. Akasin wannan shi ne Blade Runner, wanda ya fito a 1982 aka sake tace shi a 1992 da 2007, ya zama aiki ɗaya mai sigogi da dama. Tambayar inda fim ɗaya ya ƙare wani ya fara ba ta na'ura ba ce, hukunci ne da mutum yake yankewa bayan ya san tarihin aikin.

Idan suna da shekara suka gaza, sai a koma ga lamba. Kowane fim a IMDb yana da lambar shaida da ke farawa da haruffan tt, lamba ta ɗaya a jerin kuwa ta wani ɗan gajeren fim ce na 1894 mai suna Carmencita. TMDB ma tana da nata lambobin. Plex da Jellyfin sun yarda a rubuta wannan lamba a cikin sunan folda, dukkan manhajojin kuma suna da hanyar da mai taska zai buɗe fim ya sake nema da hannu, ya zaɓi na daidai daga jeri ko ya shigar da lambar kai tsaye. Ƙarfin lamba yana cikin rashin ma'anarta, domin ba ta da fassara, ba ta da karin harshe, ba a kuma raɗa ta don ta yi daɗi a kunne ba, saboda haka babu magajin da zai sake ɗaukarta kamar yadda ake sake ɗaukar sunan tsohon fim. Suna kuwa saboda yana da ma'ana ne ake sonsa, ake maimaita shi, ake aro shi, kuma wannan yawan hannun da ke kansa shi ne ke rage masa ikon nuna abu ɗaya tak. Taska mai kyau tana buƙatar duka biyun, lamba a ɓoye tana riƙe da ainihin fim, suna a fili yana magana da mai kallo.

Akwai mataki na ƙarshe da ke mayar da magana hannun mai taska, wato ɗan fayil ɗin rubutu da ake kira NFO, wanda ake ajiyewa a gefen fim, kuma Kodi takan karanta shi kafin ta tambayi intanet. A cikinsa ana iya rubuta komai da hannu, ko a sa adireshin shafin fim ɗin a rumbu kawai, a ajiye hoton fasta a folda ɗaya da shi. Tsarinsa ya tanadi gurabe uku na suna, sunan da za a nuna a allo, da sunan asali da masu fim suka raɗa masa, da sunan da za a yi amfani da shi wajen jerawa bisa haruffa, wanda hakan amincewa ce da cewa abu ɗaya yana iya ɗaukar sunaye da yawa ba tare da ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba, muddin an san aikin kowanne. A Plex da Jellyfin kuma ana kulle gurbin da aka gyara don kada sabuntawa ta gaba ta shafe shi. Wannan iko yana tafe da nauyi, domin kuskuren da aka rubuta a NFO ko aka kulle shi ba ya gyaruwa da kansa, kuma sau da yawa saɓanin da ya ƙi jin magani, wanda ake ta sake nema yana dawowa, wani tsohon NFO ne da ya biyo fim ɗin daga hannun wani yake janyo shi.

Duk waɗannan magunguna, ban da rubutun hannu, sun ginu ne a kan zaton cewa fim ɗin yana cikin rumbu, kuma a nan ne mai tara fina-finan Hausa yake cin karo da giɓin da sauya sunan fayil ba ya cikewa. Masana'antar fim ɗin Hausa ta kaset da ta faro da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 ta fitar da fina-finai masu ɗimbin yawa a kaset da faifai, amma da yawansu babu wanda ya shigar da su a TMDB ko IMDb, kuma mai kalato ba ya dawowa da abin da ba a rubuta ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda kalmomin da Hausa ta yi tarayya a kansu da wasu harsuna ta hanyar Larabci suke jawo baƙin fastoci, ta yadda fayil mai suna Duniya zai iya samun fastar fim ɗin Dev Anand na 1968 ko na Dilip Kumar na 1984. Rubutu ma yana da nasa rabon, domin haruffa masu lanƙwasa sukan zube daga sunan fayil, kuma fim ɗin Adamu Halilu na 1976 da aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka gyara aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018, sunansa Shaihu Umar ne a rubuce, amma mutane da dama Shehu Umar za su rubuta. Ga kuma al'adar fitar da fim kashi-kashi, na ɗaya da na biyu sannan na uku da na huɗu, wadda ke buƙatar a yanke hukunci ko fim ɗaya ne ko huɗu, da kuma shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina, waɗanda wurinsu ɓangaren shirye-shiryen talabijin ne, inda ake lissafi da zango da kashi. Fina-finan Indiya da aka fassara zuwa Hausa kuwa, waɗanda sukan yaɗu da sabon sunan da masu fassara suka ba su, gurabe ukun nan na suna sun ishe su, a ɗaure fayil da lambar fim na asali, a ajiye sunan Indiya a gurbinsa, a nuna na Hausa a allo.

Abin da ya rage aiki ne na mutane, kuma yana da mataki biyu. Wanda ya rubuta bayanin fim ɗin Hausa a kwamfutarsa ya amfani gidansa kaɗai, wanda kuwa ya shigar da shi a rumbun da jama'a ke ginawa, bisa ƙa'idojin rumbun, ya amfani duk wanda zai nemi wannan suna daga Kano zuwa Damagaram, da duk mai binciken da zai zo daga baya yana son sanin wa ya rubuta, wa ya ba da umarni, wa ya rera waƙa. Hujjojin suna nan ga mai nema, a jerin sunayen da ke farkon fim da ƙarshensa, da bangon kaset da na faifai, da tsofaffin fitowar mujallar Fim wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, da takardun Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, da kuma bakin waɗanda suka yi aikin suna raye. Sharaɗin shi ne kada mai cike giɓi ya aikata laifin da ake zargin na'ura da shi, wato ya rubuta shekarar da ya kintata ko sunan da ya ji a bakin wani kamar ya tabbatar, domin kuskuren da ya shiga rumbun jama'a yana sauka a kowace taska da ke sha daga gare shi. Abin da aka sani a rubuta shi da hujjarsa, abin da ba a sani ba a bar gurbinsa fanko har mai sani ya zo. Marubuta da daraktoci da mawaƙan da suka yi shekara fiye da talatin suna gina fim ɗin Hausa suna da haƙƙin a kira ayyukansu da sunayensu, kuma sauke wannan haƙƙi ya rataya ne a wuyan masu jin harshen, tun kaset bai gama lalacewa ba, tun shaidu kuma ba su ƙare ba.